Daga Kan Dala Ake Ganin Kano: Sharhi Kan Tauraron da Ya Dawo Daga Ƙasar Waje

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Dala da sanyin la'asar ya san abin da ake hangowa daga can sama. Ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki, ga rumfunan kasuwar Kurmi, ga kuma abin da ya rage na ganuwa. Mutumin da aka haifa a Madabo ko Bakin Ruwa yana iya yin shekara arba'in yana shiga lungunsu yana fita, amma bai san yadda lungun ya haɗu da na maƙwabta ba sai ran da ya hau dutsen nan ya duba ƙasa. A ganinmu haka zaman ƙasar waje yake ga mai hankali. Yakan ɗaga mutum sama ya nuna masa garinsu gaba ɗaya, mai kyau da maras kyau, sannan ya sauko da ƙarfin gwiwar faɗin abin da ya gani.

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne wata ɗabi'a da muka daɗe muna cin karo da ita a ƙagaggun labaranmu, tun daga ƙananan littattafan da suka cika kasuwa a shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake karantawa yau a wayar hannu, har ma da rubuce-rubucen da sababbin marubuta kan kawo a duba musu. Wato marubuci ya tura tauraronsa ƙasar waje ya dawo da shi, ba tare da mai karatu ya ga abin da zaman can ya yi wa mutumin ba. Ba za mu kama sunan kowa ba, domin kuwa laifin na kowa ne, mu ma masu wannan sharhi ba mu kuɓuta daga gare shi ba.

Yadda Muke Rubuta Shi

Mai karatu ya san tsarin, ko ba a faɗa masa ba. A babi na uku za a ce Alhaji ya tura ɗansa Ingila ko Amurka karatu. Sai a ja layi, a ce "bayan shekara biyar". A babi na huɗu ga jirgi ya sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ga motoci sun yi jerin gwano, ga saurayi ya fito sanye da kwat, ya yi fari ya yi ƙiba, yana tsarma Turanci a cikin maganarsa. Daga nan sai 'yan mata su fara rububinsa, labari ya koma kan wadda zai aura. Shekara biyar ɗin nan da aka tsallake da layi ɗaya, su ne fa shekarun da ya kamata su mai da yaro mutum, amma ba a nuna mana ko da yini guda daga cikinsu ba. Wa ya wanke masa kaya? Me ya ci ran da kuɗinsa suka ƙare? Ina ya yi sallar Idi ta farko, da wa kuma ya gaisa bayan an sallame? Shiru.

Idan aka lura da kyau za a ga cewa a irin wannan labari ƙasar waje ado ce kawai, kamar agogo ko mota. Marubucin yana son ya nuna tauraronsa ya fi sauran samari, ya rasa ta inda zai ɓullo, sai ya saya masa tikiti. Da za a cire London daga cikin labarin a sa Kaduna, babu abin da zai canza illa kwat ɗin. Wannan kuwa rauni ne babba a wajen ginin tauraro, domin a ƙa'idar ƙagaggen labari duk abin da aka ce ya faru ga mutum dole a ga tabonsa a halinsa da maganarsa da irin shawarar da yake yankewa.

Abin mamaki shi ne a Kano ake yawan rubuta irin wannan, garin da tarihinsa kaf na matafiya ne. Wangarawa daga ƙasar Mali suka zo a zamanin Sarki Yaji, kuma har yau ana danganta ilmin unguwar Madabo da su. Shehu Magili daga arewacin Afirka ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari, Ayagi. Fataken Kano kuwa sun yi ta kai da kawo zuwa Gwanja neman goro, wasu su shekara da shekaru kafin su ga gida. Alhasan Ɗantata kansa ya yi zama a ƙasar da ake kira Gana a yau kafin ya kafu a Kano. Ashe kayan aiki a ƙofar gidanmu suke, mu ne ba mu sunkuya mun ɗauka ba.

Yadda Magabata Suka Rubuta Shi

Bari mu waiwaya baya kaɗan. Ɗaya daga cikin rubutattun labaran Hausa na farko a boko labarin zaman ƙasar waje ne. Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka taɓa kamawa bauta, ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai a 1855, ya zauna Ingila shekaru, ya ba da labarin rayuwarsa aka rubuta, aka kuma buga shi cikin Magana Hausa na Schön a 1885. Abin da ke burge manazarci a labarinsa shi ne yaron bai ruɗe ba. Yana kallon yadda Turawa ke cin abinci da yadda suke hulɗa da juna kamar yadda su ma suke kallonsa, yana auna al'adarsu da ta gida. A Kano ya ƙare rayuwarsa a 1912, bayan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa.

Sai Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano a 1858. Ya bi hanyar fatake ya zauna Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. A can nesa da gida ne ya zauna ya rubuta bayanin ƙasar Hausa, garuruwanta da sana'o'inta da al'adunta da tarihinta. Sai mu tambayi kanmu, me ya sa bayani mai zurfi irin wannan ya fito daga hannun wanda ya bar gida? Dalili a fili yake. Wanda ke zaune bakin karofi kullum ba ya ganin rini a matsayin abin da za a bayyana wa wani, domin kowa a kusa da shi ya san shi. Sai ka zauna cikin mutanen da ba su san shi ba, suka tambaye ka, sannan za ka gane kana da abin faɗi. Nisa ce ta mai da Alhaji Umaru marubucin gida.

A fagen ƙagaggen labari kuwa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da ta haifar da littattafan 1934, shi ne babban misali. An sace Umar yana yaro, ya bi ta Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu ya zama malami. Marubucin bai tsallake shekarun nan ba, su ne ma tsakiyar labarin. Bugu da ƙari bai ɓoye kuɗin da aka biya ba: uwar Umar ta fita nemansa ta faɗa hannun masu bauta, ta sha wahala, kuma ba ta daɗe ba bayan sun sadu ta rasu. Saboda haka lokacin da muka ga Shaihu Umar zaune a Rauta cikin almajiransa, da natsuwa da haƙuri, mun san inda ya samo su, domin tare da mu aka yi tafiyar. Ga kuma wata hikima ta zubi: labarin gaba ɗaya amsa ce ga tambayar almajiri game da asalin malaminsa. Tambayar da ake yi wa baƙo ke nan a ko'ina, kuma wajen amsa ta ne mutum ke sanin kansa.

Na huɗu shi ne Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tasa ziyara ce ta ɗan lokaci, amma akwai abubuwa biyu a cikinta da suka shafi batunmu. Da abokan tafiyarsa, ciki har da Nnamdi Azikiwe, suka shirya takardar neman mulkin kai, Imam bai sa hannu ba. Sannan kuma ya gana da Gwamna Lugga, wanda ya ci ƙasar Hausa da yaƙi, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana masa illolin da ke cikin tsarin mulkin Arewa. Ko mutum ya yarda da matsayin Imam kan takardar nan ko bai yarda ba, dole ya ga mutumin da ya iya cewa a'a ga abokansa, ya kuma iya faɗa wa babba gaskiya. Wannan ita ce yarda da kai da muke nufi.

Darasi Daga Gwammaja

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan ƙasan Dala, a gidan Mambayya da ke Gwammaja, inda Malam Aminu Kano ya zauna kuma aka binne shi a 1983. A 1946 ya tafi Jami'ar London ƙarin ilmin koyarwa, yana da shekara 26. Mai karatu ya tuna wace irin Ingila ya tarar. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, gidaje da yawa a rushe, abinci sai da kati, har burodi ma a wannan shekara aka fara rabon sa da ƙa'ida. Jam'iyyar Leba ta ma'aikata ce ke mulki, a 1947 kuma Indiya ta karɓi 'yancinta. Saurayin da ya taso yana ganin ana zubewa ƙasa ana ce wa Joji "zaki", yau ga shi a garin da Bature ke sharar titi, yana bin layin burodi, yana kuma jefa ƙuri'a ya sauke shugabansa. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya wani rawani ko wata hular kwano ta sake firgita shi kamar da.

A can ne shi da 'yan'uwansa malamai 'yan Arewa suka ƙulla shawarar kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1948. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano cikin watan Agustan shekarar, ya zama shugabanta a 1953. Ya kuma bar mana littafin tafiya mai suna Motsi Ya Fi Zama.

Amma a nan akwai wani abu da marubuci zai kula da shi ƙwarai. London ba ita ta ƙirƙiri Malam Aminu ba. Kafin ya tafi ya riga ya yi karatun addini a gidan malamai, mahaifinsa masanin shari'a ne, ya kuma riga ya goge da muhawara a Bauchi tare da Sa'adu Zungur da Tafawa Ɓalewa. Da guzurinsa ya tafi, zaman can ya wasa abin da ya je da shi. Da ya dawo kuma bai dawo da kwat ba, farar riga da jar dara aka san shi da su, kuma ƙarfin gwiwar da ya samo bai riƙe shi don kansa ba, sai da ya raba wa talaka har talaka ya koyi ɗaga kai ya tambayi dalilin harajin da ake karɓa a hannunsa. To, a filin jirgin da ke ɗauke da sunan wannan mutum ne muke sauke taurarinmu da ba su dawo da komai ba sai akwatuna.

Me Zaman Waje Ke Yi wa Mutum?

Idan muka tattara misalan nan za mu ga hanyoyi uku da zaman baƙunci ke bi ya sauya mutum, kuma kowace daga cikinsu fage ce da marubuci zai iya ginawa.

Ta farko, a can sunan gidanku ba ya aiki. A cikin birni da an ce ɗan gidan wane ne, an gama magana, ko a ba shi ko a hana shi. A baƙon wuri kuwa babu wanda ya san wane, sai abin da hannunka ya iya da abin da bakinka ya faɗa. Ɗan sarauta da ɗan maƙera layi ɗaya suke bi. Wanda ya tsaya da ƙafarsa a irin wannan wuri ya san cewa shi ma wani abu ne ko babu inuwar kowa.

Ta biyu, mutum yakan gane cewa abin da ya ɗauka haka duniya take, ashe haka garinsu yake. Ɗalibin da ya zauna Alƙahira ko Khartum ko Madina zai yi sahu ɗaya da Musulmin da suka bambanta da shi a sutura da abinci da wasu al'amuran ibada, kuma ga su malamai masu tsoron Allah. Daga nan zai fara rarrabe abin da yake addini da abin da yake al'ada, ya rage saurin yanke wa mutane hukunci. Kifin rijiya ya shiga kogi ke nan.

Ta uku, za a tambaye shi labarin gida. Wata rana abokin ɗakinsa zai ce masa, wane ne ya gina ganuwar garinku, me ya sa kuke durƙusawa ku gai da iyayenku? Idan ya rasa amsa zai ji kunyar da bai taɓa ji ba, kuma sau da yawa wannan kunya ce ke mai da mutum ga neman sanin asalinsa.

Sai dai kada mu yi wa mai karatu rufa-rufa. Hausa ta bambanta wayewar kai da buɗewar ido, kuma ba kowane matafiyi ne ke dawowa da ta farkon ba. Akwai wanda zai dawo yana toshe hanci a lungun da aka haife shi, yana gyara wa mahaifiyarsa magana. Wannan girman kai ne, kuma sau da yawa rashin yarda da kai ne ya yi masa riga, domin wanda ya natsu da kansa ba ya bukatar wulaƙanta tushensa kafin a san ya yi tafiya. Akwai kuma wanda zaman can ya karya shi, ya dawo shiru, ko ma bai dawo ba. Waɗannan duka taurari ne da suka cancanci a rubuta su da tausayi da gaskiya.

Abin da Ke Wuyanmu

Wani zai ce ai labari ne kawai, don nishaɗi aka yi shi. Mu kuwa muna ganin maganar ta wuce nan. Masu karanta littattafan nan matasa ne, da yawansu suna zaune ba aikin yi, kuma hoton da muke zana musu shi ne duk wanda ya ƙetare ya huta. Alhali sanin kowa ne akwai samarin da suka bi ta Agadas suka nufi Libiya ba a sake jin ɗuriyarsu ba, akwai kuma matan da suka tafi aikatau ƙasashen Larabawa suka ga abin da baki ba ya iya faɗa. Marubucin da ya nuna jerin gwanon motoci ya ɓoye wannan, yana da nasa kason a cikin ruɗin. Haka nan wanda ya nuna ƙasar waje a matsayin wurin lalacewa kawai, shi ma ya tauye gaskiya, ya kuma tsoratar da yaron da fita za ta amfane shi.

Shawararmu ga sababbin marubuta ita ce, kafin ka sa tauraronka a jirgi ka tambayi kanka ko labarin na bukatar tafiyar. In yana bukata, to ka bi shi can ko da babi ɗaya ne. Rashin zuwanka ba hujja ba ce, domin a kowace unguwa ta cikin birni akwai wanda ya yi shekaru a Makka ko Sudan, akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Sin da Dubai, akwai tsohon da aka haifa a zangon Kumasi, akwai malamar asibiti da ta yi karatu a Masar ko Indiya. Ka je ka gaishe su, ka zauna ka saurara. Kada ka tsaya kan tsawon benaye da kyan tituna, ka tambaye su ranar da suka fi jin kewar gida, da abin da ya fara ba su mamaki ran da suka dawo. A cikin amsar tambaya ta biyun nan labarinka yake. Kada kuma a manta da mata, domin mun fi tura samari waje mu bar 'yan mata suna jira a gida, alhali matan da suka yi zaman waje suka dawo suna riƙe da makarantu da asibitoci da kasuwanci suna nan da yawa a cikinmu.

Sannan idan ka dawo da shi, ka gwada shi. Ka haɗa shi da wani abin da da can yake tsoro, ko wani zalunci da da can yake gani kamar daidai ne, mu ga yadda zai yi yanzu. Ka sa shi gaban mahaifinsa a kan wata magana da suka saɓa, mu ga ko ya iya faɗin gaskiyarsa yana durƙushe. Idan halinsa na babi na goma daidai yake da na babi na biyu, to ka yi asarar kuɗin jirgi.

Kammalawa

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa adabinmu ya fara da matafiya masu lura, irin su Dorugu da Alhaji Umaru da Imam, da tauraro irin Shaihu Umar, kuma tarihin Dala ya ba mu Malam Aminu a matsayin shaida cewa zaman waje na iya ƙara wa mutum hangen nesa da ƙarfin zuciya idan ya tafi da guzurin gida ya kuma dawo da niyyar amfanar da mutanensa. Abin da ya rage shi ne alƙalumanmu su koma kan wannan turba. Mai hawa Dala dai ba ya kwana a can, dole ya sauko ya shiga lungu, kuma abin da ya yi bayan saukowarsa shi ne muke jiran marubutanmu su ba mu labari. Muna maraba da ra'ayin duk wanda ya ga akasin abin da muka faɗa, filin nan na kowa ne. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, amin.